Daga Buhun Masara Zuwa Kiret Ɗin Ƙwai

 

An ba ni magana a kan abincin masana'anta, da illarsa ga dabbobi da lafiyar mutane. Da yawa in suka ji wannan batu sai hankalinsu ya tafi Amurka ko Burazil, inda ake tara kaji dubbai a rumfa guda. Ni kuwa so nake mu duba kusa, domin kajin masana'antar Nijeriya da gonakinmu suke rayuwa. Tirelolin da ke lodi a Dandume da Bakori da Funtua bayan kaka, kaso mai tsoka na masara da waken suyar da suke ɗauka ba tuwo ko awara za a yi da su ba. Injinan haɗa abincin kaji suka nufa, a Kaduna da Jos da Ibadan.

Dattawan da ke nan sun san ba haka ƙasar nan take ba a da. Dawa da gero ne abinci, auduga ce kuɗi. Masara ta bayan gida ce, a gasa a ci kafin gero ya nuna. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtua da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Aka kawo takin zamani mai rahusa, aka fasa hanyoyi zuwa ƙauyuka, aka baza malaman gona, aka shigo da irin farar masara da aka inganta a Ibadan, daga baya cibiyar binciken noma ta Samaru ta yi ta fitar da nata. Cikin shekaru kaɗan masara ta ture dawa daga manyan gonaki. Da gwamnatin Obasanjo ta hana shigo da daskararrun kaji a farkon shekarun 2000, gidajen gona suka yawaita, bukatar masara ta ƙaru. A 2017 kamfanin Olam ya buɗe katafaren injin abincin kaji da wurin ƙyanƙyasa a Chikun ta jihar Kaduna. Yau farashin tiyar masara a Malumfashi yana da alaƙa da yawan kajin da ake kiwo a Oyo da Ogun. Ga wani abin ban dariya kuma: motocin da suka kai masara kudu sukan dawo mana da kashin kaji, mu saya mu zuba a gona.

To wace irin kaza ce masararmu ke ciyarwa? Bari in fara da kawar da wata jita-jita. Ana cewa allurar girma ake yi wa kajin gidan gona shi ya sa suke kumbura. Ba gaskiya ba ne. Iri ne aka yi ta zaɓa ana haɗawa shekara da shekaru har aka samu kazar da aikinta ci da tara tsoka. Masu bincike a jami'ar Alberta ta Kanada sun kiwata irin 1957 da irin 2005 a kan abinci ɗaya. A kwana 56, ta farko ba ta cika kilo ɗaya ba, ta biyu ta haura kilo huɗu. Kazar Hausa tana bukatar wata biyar ko shida kafin ta isa yanka, ta gidan gona kuwa, wato buroila, a sati shida ta kai kasuwa.

Sai dai tsoka tana riga ƙashi da zuciya girma. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da aka zuba buroila a watan Afrilu ya san abin da nake faɗi. Tun daga ƙofa warin kashi zai sa idonka hawaye. Za ka ga kaza kwance a kan ƙirjinta, ta buɗe baki tana haki, fukafukai a sake, ƙirjin ya zama jan fata babu gashi saboda kwanciya a kan jiƙaƙƙen ɓuntu. In ta miƙe ta yi taku uku zuwa wurin ruwa sai ta zube. Wata ƙafafunta sun bankare, da kyar take jan jiki. Da safe mai kaji ya zagaya ya tsince waɗanda suka mutu cikin dare, rigingine, ba ciwon komai sai zuciya da ta gaza ɗaukar jiki. Masu ƙwai kuma nasu halin daban ne. Ana datse musu baki tun suna tsaki don kada su tsattsage juna, a zuba su uku ko huɗu a keji ɗaya na waya, kowace wurinta bai kai faɗin takardar rubuta wasiƙa ba. Ba ta tono, ba ta birgima a ƙasa, ba ta miƙe fiffike, har sama da shekara. A haka take zuba ƙwai kusan 300 a shekara, alhali kazar gida ba ta cika wuce 60 ba. Tarayyar Turai ta haramta irin wannan matsattsen keji tun 2012, mu kuwa yanzu muke sayensa muna alfahari.

Malamanmu na addini, ina da ƙorafi a kanku, ku yi mini afuwa. In aka zo batun nama, tambayarmu ɗaya ce: waye ya yanka, ya kuma ambaci sunan Allah? Tambaya ce mai kyau. Amma addinin da ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, wanda ya hana wasa wuƙa a gaban dabba, wanda malaman fiƙihunsa suka yi dogon bayani a kan dabbar da ta rayu da cin najasa, bai taƙaita hakkin dabba a kan minti ɗaya na yanka ba. Sabo da kaza ba ya hana yanka, gaskiya ne, amma niyyar yanka ba ta halatta azabtarwa. Ina jiran ranar da zan ji huɗuba a kan yawan kajin da ya dace a zuba a ɗaki ɗaya.

Cunkoso kuma shi ne ƙofar cuta. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a nahiyar Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji ta jihar Kaduna, nan kusa da mu. Dubban kaji suka mutu, aka hallaka wasu, cutar ta bazu jihohi da dama, ta sake dawowa a 2015. Wannan annoba ce mai ƙara, kowa ya ji ta. Wadda ta fi damuna ba ta da ƙara.

Mai kaji ya san in cuta ta shiga ɗaki jarinsa ya tafi. Don haka ba ya jiran ta zo. Tun ranar da 'yan tsaki suka sauka daga motar Ibadan ake kaɗa musu garin magani a ruwa, ruwan ya koma rawaya, a ce na gajiyar hanya ne. Bayan kwana biyu wani, bayan sati wani. Ba likitan dabbobi ne ya rubuta ba, mai shago ne ya ce wannan yana da ƙarfi. In ka karanta jikin ledar, magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne, dangin waɗanda ake ba mu a asibiti. Ɗaya daga cikinsu, enrofloxacin, ɗan'uwan sifro ne da muke sha don taifod, har a jikin dabba wani ɓangarensa sifro yake komawa. Amurka ta hana ba kaji shi tun 2005. Tarayyar Turai ta hana amfani da irin waɗannan magunguna don saurin girman dabbobi a 2006.

Me ya sa? Ƙwayar cuta in ana yayyafa mata magani kaɗan-kaɗan kullum, masu rauni su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Waɗannan su ke fita cikin kashin kaji, su shiga gonar alayyahu da latas, su gangara rijiya, su manne a hannun mai figa da wuƙarsa da teburin kasuwa. Ranar da yaro ya kamu da zawo ko zazzaɓi aka kai shi asibiti, a ba shi magani ya ƙi ji, a sauya na biyu ya ƙi ji, sai a koma mai tsada. Wani babban bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cuta da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani shi ne Afirka ta Yamma. Ba kaji kaɗai ke da laifi ba. Mu da ke sayen kafso biyu a kemis mu sha mu daina muna da namu kaso.

A jikin kowace ledar magani akwai kwanakin da aka ce a jira kafin a yanka kaza ko a ci ƙwanta. Mu yi lissafi tsakani da Allah. Mai kaji dubu yana kwasar kiret ashirin da wani abu a rana, abinci yana cinye kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da yake kashewa, ga bashi. Ka ce masa ya zubar da ƙwan sati guda saboda ya ba da magani? Ba zai yi ba, ni ma ban ce mugu ba ne. Ƙwan zai tafi wurin mai shayi, a soya shi da indomi, ɗalibi ya ci. Haka kazar da ta fara rashin lafiya, aka ɗura mata magani jiya, yau aka yi saurin kai ta wurin mai gashi kafin ta mutu.

Yanzu mu dawo kan namu laifin, mu manoma. Masarar da aka cire da danshi, aka shanya a ƙasa ko a gefen kwalta, raɓa ta sauka, ko ruwan ƙarshen damina ya taɓa ta, aka ɗura a buhu ba ta gama bushewa ba, ita ke yin hunhuna. Wannan hunhunar tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda dahuwa ba ta kashewa. A tsuntsayen kiwo aka fara gano ta: a 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa daga Burazil. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. In ba ta kashe nan take ba, tana cin hanta a hankali har ta kai ga ciwon daji, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. A kasuwa kun san yadda muke yi. A tsince mai kyau a sayar wa kamfanin da ke gwaji, mai baƙi-baƙi a ce ta kaji ce, a karya farashi. Ƙaramin mai kiwo ya saya, ko talakan da kuɗinsa bai kai na mai kyau ba ya kai inji. Batun maganin ƙwari a buhu kuwa, kun tuna a 2015 Turai ta hana shigar waken Nijeriya saboda yawan guba irin ta fiya-fiya da aka samu a ciki. Turawa suna da wurin gwaji, suka mayar. Wanda ya rage a gida mu muka cinye.

Shi ya sa in na ji ana cewa mai saye ya zaɓi abin da zai ci, nakan yi murmushi. Zaɓi sai da sani, sai kuma da kuɗi. Ƙwai ba ya nuna maganin da ke cikinsa, kaza a kan wuta ba ta da takarda. Kazar Hausa da zabo sun koma abincin masu hali. Ba kuma zan tsaya a nan in ce a rufe gidajen gona ba. Ƙwai mai araha ya shiga bakin yaran da a da sai ƙwan zabi da damina, matan aure da yawa a Funtua da Kafur da Danja da kaji hamsin na Sallah suke biyan kuɗin makaranta, kuma ranar da aka daina kiwon kaji a ƙasar nan masararmu za ta yi kwantai. Gyaran yana hannun waɗanda ke iya gani kafin abinci ya kai faranti.

Manomi ya shanya a kan tamfol, ya bari ta bushe har ta yi ƙara a haƙori. Akwai Aflasafe, mai rage gubar afalatoksin, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona kafin masara ta yi fure. Akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da ke shaƙe ƙwari ba tare da magani ba. Mai kiwo ya rage cunkoso, ya sauya ɓuntu, ya riƙe rigakafi, zai ga kuɗin magani ya ragu. Ƙungiyar masu kaji ta ɗauki likitan dabbobi ɗaya ta biya shi, maimakon kowa ya dogara da mai shago. Ga kajin gida kuma, waɗanda annoba ke sharewa duk hunturu, cibiyar Vom da ke jihar Filato tana yin rigakafi mai jure zafi, ɗigo ɗaya a ido. A Shika, tafiyar da ba ta kai awa biyu daga nan ba, cibiyar binciken dabbobi ta fitar da kaza mai ƙwai da aka tsara don yanayinmu, Shika Brown. Shugabannin ƙananan hukumomi da ke nan, ina so ku faɗa mana ko sashen noma na kowannenku yana da firij mai aiki da za a ajiye rigakafi, da malamin dabbobi mai babur da zai kai shi ƙauye.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.