Daga Dutse Zuwa Akushi



Tun muna kwalejin horon malamai muka kamu da sha'awar nazarin duwatsu, har muka yi ritaya ba ta sake mu ba. Zama a Kaduna ta Kudu ya ƙara mana ita, domin hukumar binciken ma'adinai da aka kafa a 1919 ta daɗe da mazauni a wannan yanki. Yau muna so mu duba abincinmu da wannan ido.

Mu shiga kasuwar Kakuri. Kanwar da iyayenmu mata ke jefawa a wake da miyar kuka, ruwan tafkuna ne na yankin Cadi da ƙasar Manga, rana ta ƙafar da shi, ya bar ta a ƙasa. Gishirin Balma, wanda ayarin Buzaye ke kawowa a kan raƙuma, haka ake samunsa a tsakiyar Sahara. Dutsen niƙan kakanninmu kuwa ɗan'uwan duwatsun da ke bayyana a Kogin Kaduna da rani ne, masu shekaru fiye da miliyan 500. Irinsu ne ke rududdugewa su zama ƙasar da dawa ke tsira a kai.

Abin da ƙasa ta rasa, abinci ma zai rasa shi. Ƙasarmu ta yi nisa da teku, sinadarin aidin ya yi mata ƙaranci, shi ya sa da can maƙoƙo ya yawaita a ƙauyuka. A 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri.

Haka nan gubar da ke cikin dutse tana iya shiga akushi. A 2010, a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, an riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, inda ake daka hatsi. Ashe akwai dalma a cikinsa. Yara fiye da 400 suka rasu.

Yau haƙar ma'adinai ta bazu a karkara. Saboda haka muna roƙon duk wanda ya je gida ya jaddada wa dangi cewa kada dutsen haƙa ya kusanci turmi, injin niƙa ko rijiya. Wanda zai aika da gishiri gida kuma, ya sayi mai aidin. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kare mana zuriyarmu, Ya albarkaci garinmu. Wassalam.