Jawabi ga Masu Walda da Maƙera: Yadda Injin Bel Zai Daidaita Fuskar Ƙarfe



An nemi in yi bayani a kan injin goge ƙarfe mai bel ɗin sanfefa, irin wanda da yawa daga cikinmu suka haɗa da hannunsu a rumfunan Kpakungu, Tunga da Bosso. Wannan inji yana cire tsatsa, yana kwantar da walda, amma a ce ya mai da fuskar ƙarfe sumul babu tudu babu kwari, nan ake samun matsala. Hannun mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya, saboda haka gefe ya fi tsakiya cinyewa. Mai kaya ya ɗora rula, ya ga haske ta ƙasa, ya dawo da aiki. Asarar ƙarfe ke nan, ga asarar suna.

Maganin shi ne a raba hannu da riƙe ƙarfen. A haɗa ɗan tebur mai zamewa a kan sanduna biyu miƙaƙƙu da boris, ya riƙa wucewa ta ƙarƙashin wilin da bel yake bi. A saman teburin a jera maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifika ne, domin ya kama ƙarfen. Sannan a sa sukuru mai ɗaga teburin kaɗan-kaɗan. A nan nake roƙon ku kasa kunne. Sukuru mai lamba M10, juyi ɗaya yana tafiyar milimita 1.5, wannan kuwa ya yi yawa ƙwarai. Ku raba kansa gida 30 da alama, kowane gida ya zama milimita 0.05. Gida ɗaya a kowane wucewa ya wadatar. Mai gaggawa ya juya biyar, bel ya tsinke ko ƙarfe ya yi tsalle.

Kafin a fara aiki, a goge fuskar teburin kansa da injin, don ya yi daidai da wilin. In ba haka ba, duk abin da aka ɗora zai fito da kauri a gefe ɗaya.

A fara da sanfefa mai lamba 36 ko 60, a gama da 120. A zana layuka da maka a kan ƙarfen tukuna. Inda zane ya rage, nan ne kwari. Moto mai juyi 2,900 a minti da wili mai faɗin milimita 100 yana ba bel gudun kusan mita 15 a daƙiƙa, zafi kuwa nan da nan yake taruwa. Idan wuƙa ko sifirin mota ya yi shuɗi, ya kai wajen digiri 300, taurinsa ya ragu. A ajiye bokitin ruwa kusa. Wani abin da ya taɓa ba ni kunya: maganaɗisu yana miƙar da siririn ƙarfe mai lanƙwasa, ka goge ka ga ya yi kyau, kana ɗagawa ya koma yadda yake. Sai a cusa takarda a ƙarƙashin lanƙwasar kafin a goge fuskar farko.

Maganaɗisu ba ya kama alminiyam da tagulla. Kan injin babur ko na janareto kuwa, kada ma a gwada, a kai wa masu injin da aka yi don haka. Kuma garin alminiyam idan ya gauraya da na ƙarfe mai tsatsa, tartsatsi ɗaya yana iya tayar da wutar da ruwa ba ya kashewa.

Sai batun yaranmu masu koyo. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta a rufe sassan inji masu haɗari, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta yi tanadi ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Yaron da iyayensa suka turo daga nesa amana ne a hannunmu. A sa marfi a kan bel, a dasa ƙarfen tsaro a ƙarshen teburin, kada kowa ya tsaya ta inda tartsatsi yake fita. Tabarau da takunkumin hanci maigida ne zai saya, ba yaro ba.

Na zo da nawa teburin, yana bakin ƙofa. Mai son aunawa ya same ni bayan an tashi.