Bashin Kuɗin Lantarki: Jawabi ga Jama'ar Lafia

Jama'a, a saurara. A shekarar 2013 kamfanin AEDC ya karɓi rarraba wutar lantarki a Lafia daga hannun PHCN, magajin NEPA. Wani magidanci kan umarci banki ya riƙa biyan kuɗin wuta daga asusunsa kowane wata, sai a yi kuskure, kuɗi su ƙi fita, bashi ya taru. To, kuskure ba ya yafe wutar da aka sha. Wajibi ne magidanci ya karɓi takardar bayanin asusunsa, ya rubuta koke ga kamfani, ya nemi biya kaɗan-kaɗan, ya adana kowane rasit. In ba a share masa hawaye ba, sai ya kai ƙara hukumar kula da lantarki. Kada ya ba da toshiyar baki.