Jinjina ga Zumuntar Mata

Daga Jos zuwa Kafanchan har Mubi, a majami'un ECWA, COCIN da EYN, an san matan Zumunta da zani iri ɗaya da kiɗan tulu. Amma su ne kuma ke zuwa dubiya asibiti, su kwana girki a gidan makoki, su kai wa gwauraye hatsi da sabulu daga ɗan abin da suka tara. A 2014, da Boko Haram ta tarwatsa Michika da Mubi, iyayen nan namu na cikin waɗanda suka buɗe ɗakunansu ga 'yan gudun hijira. Babu mai biyansu, bangaskiya ce ke tura su. Shugabannin ikilisiya, ku ba su kujera wurin yanke shawara.