Jawabi ga manoman sansani: a tambayi ƙasa kafin a zuba wa masara taki

Dattawa, iyayenmu mata, shugabannin unguwanni da sauran manoma, muna godiya da kuka amsa kiranmu. Mu ma'aikatan sashen noma ne, kuma magana ɗaya ta kawo mu: yadda ɗan takin da ke hannu zai ishi masarar bana.

Yawancinku kun baro gonakin da kuka gada, waɗanda kun san halinsu ciki da bai. Filayen da aka ba ku aro a nan ƙanana ne, kuma baƙi ne a gare ku. Taki ya yi tsada. Wanda ya zuba shi inda ba a buƙata ya yi asarar kuɗi, wanda ya hana shi inda ake buƙata ya yi asarar abincin iyalinsa.

Abin da masara ta fi ci a ƙasa shi ne sinadarin naitirojin. Idan ya yi ƙaranci, ganyen ƙasa ne ke fara yin rawaya, daga baki ya bi jijiyar tsakiya. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na wannan sinadari. Buhun kamfa 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi kawai. Wato wajen naitirojin, sai an haɗa buhu uku na kamfa kafin a kusa kamo buhu ɗaya na yuriya.

Amma ba kowace gona ke buƙata iri ɗaya ba. Wake, gyaɗa da waken soya suna da 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsu, inda wasu ƙwayoyin halitta ke jawo naitirojin daga iska. Ku fasa ɗaya: in cikinsa ja-ja ne, yana aiki. Masarar da ta biyo bayansu takan sami ragowa. Wadda ta biyo bayan masara ko dawa ba ta da wannan gata. Sai dai in an kwashe harawa kaf an kai wa dabbobi, ragowar kaɗan ce. Shi ya sa ba ma son a yi ta ƙiyasi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga yadda ake ɗiban ƙasar gwaji. A jira masara ta kai tsawon santimita 15 zuwa 30, kafin zuba taki na biyu. A bi gonar a karkace, kamar tafiyar maciji, a haƙa wuri 15 zuwa 20 a tsakanin layuka, zurfin santimita 30. A kauce wa suri, juji, gindin gawo da inda dabbobi suka kwana. A cakuɗa duka a bokiti mai tsabta, a ɗebi cikin hannu biyu, a baza a inuwa ya bushe a ranar, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana canza sakamako. Gonar da ta yi wake bara da wadda ta yi masara, kowace da ƙullinta daban.

A Amurka aka fara wannan gwaji a shekarun 1980. A can, idan aka sami kimanin miligiram 25 na naitirojin mai narkewa a kowane kilo na ƙasa, ƙarin taki ba ya ƙara amfani sosai. Ƙasar rairayi kuwa ruwan sama kan wanke wannan sinadari da sauri, don haka za mu haɗa sakamakon da abin da kuka gaya mana: me aka shuka bara, an kwashe harawa ko an bari, an sa takin gida ko ba a sa ba.

Muna roƙo a faɗi gaskiya a kan waɗannan. Wanda gonarsa ta ƙoshi, ya adana takinsa ko ya kai shi ɓangaren da ya fi yunwa. Kuma in za a zuba yuriya, a tona rami nesa kaɗan da gindin shuka, a rufe da ƙasa mai laima. Wadda aka watsa a sama, wani kasonta iska ce ke shanyewa.

Ku kawo ƙullin ƙasarku ofishin sashen noma, da sunan mai gona da abin da ya shuka bara. Wanda bai iya rubutu ba, za mu rubuta masa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya.