Jawabin Dattawa: Mai Jitarmu Zai Tafi Makaranta



A dā mu dattawa mun hana jita a sujada, muna cewa kayan gidan rawa ne. Yau mun janye maganar, kuma yaron nan namu ɗan shekara 16 ne ya sa. Ku lura da shi in ana waƙa daga Littafin Waƙoƙi: ko kallon yatsunsa ba ya yi. In mai ba da waƙa ta ɗauko ta sama da kima, kafin layi ya ƙare ya riga ya same ta. Molo tsirkiya 3 gare shi, jita kuwa 6, duk suna jin maganarsa.

To, watan gobe zai tafi makaranta, ba mu da wani.

Shi ya sa mu uku, da furfurarmu, muka zauna a gabansa. Ya koya mana danni uku, G, C da D, ya ce sun isa waƙoƙi da yawa. Mun sha zafi kafin yatsunmu su yi kanta, C kuwa har yanzu tana ba mu wuya.

Iyaye, ku turo yaranku ranar Asabar, ƙarfe 4 na yamma. Jitar ɗaya ce, karɓa-karɓa za a yi.