Halin Kayan Aiki da Zaɓin Injiniya



Ran 16 ga watan Janairu na 1943, wani sabon jirgin ruwa na dakon mai, mai suna Schenectady, yana ɗaure a tashar Portland ta ƙasar Amurka. Bai daɗe da gama gwajin tafiyarsa ba, ruwa kuwa kwance yake, babu hadari, babu abokan gaba a kusa. Da dare ya yi sai aka ji wata ƙara mai tsanani, jirgi ya tsage daga sama har kusa da ƙasansa, tsakiyarsa ta ɗaga, gaba da baya suka nutsa. Waɗanda suka tsara shi sun yi lissafin nauyin da zai ɗauka, kuma nauyin da ke kansa a daren nan bai kai abin da suka lissafa ba. To, me ya karya shi? Amsar wannan tambaya ita ce maganarmu ta yau, watau ilmin halayen kayan aiki, da yadda waɗannan halaye ke nuna wa injiniya abin da zai ɗauka da abin da zai bari.

Halaye Huɗu da Akan Rikita

A maganarmu ta yau da kullum mukan ce abu kaza yana da ƙarfi, mu tsaya nan. Injiniya ba ya iya tsayawa nan, domin kalmar ta ƙunshi halaye dabam-dabam, kuma sau da yawa in aka sami ɗaya sai a rasa ɗaya.

Na farko shi ne ƙarfi kansa, watau yawan nauyin da abu zai ɗauka kafin ya lanƙwashe lanƙwasar da ba ta komawa, ko ya tsinke. Na biyu shi ne ƙagewa, watau yadda abu ke ƙin lanƙwasa tun nauyi bai kai ga ɓata shi ba. Robert Hooke na Ingila ya bayyana a 1678 cewa miƙewar abu tana tafiya daidai da nauyin da aka rataya masa, muddin ba a wuce iyaka ba. In aka ɗauki sandar baƙin ƙarfe da ta alminiyam masu kauri ɗaya da tsawo ɗaya, aka rataya musu nauyi ɗaya, ta alminiyam za ta miƙe kimanin ninki uku na ta baƙin ƙarfe. Na uku shi ne tauri, watau ƙin karcewa da ƙin lotsawa. Na huɗu kuwa juriya, watau iya shan duka ba tare da tsagewa ba, kishiyarta kuma ita ce gautsi. Gilashi ya fi jan ƙarfe tauri nesa ba kusa ba, amma ku saki kofin gilashi da na jan ƙarfe a kan daɓe, ɗaya zai tarwatse, ɗaya ya ɗan lotsa kurum.

Bayan waɗannan akwai nauyi, da saurin ɗaukar zafi, da wucewar lantarki, da tsatsa, sa'an nan da kuɗi, wanda shi ma ba a barinsa a baya.

Inda Hali ke Fitowa

Ƙarfe ƙwayoyin zarra ne da suka jeru sahu-sahu bisa tsari. A 1934 masana uku, Taylor da Orowan da Polanyi, kowa a nasa wuri, suka bayyana cewa cikin jerin nan akwai 'yan kurakurai, wuraren da wani sahu ya ƙare a tsakiya. In kuna son gusar da babbar darduma mai nauyi, ba sai kun ja ta gaba ɗaya ba, ya isa ku tayar da ƙunji a gefe guda ku yi ta tura shi har ya fita ɗaya gefen. Haka kurakuran nan ke tafiya cikin ƙarfe, shi ya sa yake lanƙwasuwa maimakon ya fashe. Duk abin da ya tare musu hanya kuwa yakan ƙara wa ƙarfe ƙarfi da tauri, ya kuma rage masa juriya.

Babban abin da ke tare hanyar nan a baƙin ƙarfe shi ne kabon, sinadarin da ke cikin gawayi. Ƙarfen da kabon ɗinsa bai kai rubu'in kashi 1 cikin 100 ba yana da laushi, yana kuma karɓar walda. Wanda ya wuce kashi 2 cikin 100 shi ne ƙarfen zubi, mai sauƙin narkewa, mai gautsi. Bambancin da bai kai kashi 2 cikin 100 ba ke nan ya raba abin da za a lanƙwasa da hannu da abin da zai fashe in an buga masa guduma.

Maƙeranmu sun san wannan da hannu tun ba a rubuta shi ba. An sami tanderun narka tama a Taruga, cikin yankin al'adar Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, kuma tarihin Kano ya danganta farkon zama a Dala da maƙeran da suka zo neman tama. Maƙeri ya san in ya tsoma bakin gatari cikin ruwa yana ja, zai yi tauri, amma in ya bar shi haka zai ɓalgace a saran farko, don haka sai ya sake ɗumama shi kaɗan, ya sayar da ɗan tauri ya sayi juriya. Abin da ilmin zamani ya ƙara shi ne awo: zafi digiri nawa, minti nawa, kabon kashi nawa.

Darasi Biyu Masu Tsada

Mu koma ga jirginmu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera jiragen kaya 2,710 na samfurin da ake kira Liberty, tsakanin 1941 da 1945, ban da na dakon mai irin Schenectady. Don a yi sauri sai aka haɗa su da walda maimakon ƙusoshin ribit da aka saba. Ɗaruruwa daga cikinsu suka tsattsage, wasu 'yan kaɗan suka rabe biyu, galibi cikin sanyin arewacin tekun Atlantika. Da fari walda aka zarga. Wata malama a Jami'ar Kambirij, Constance Tipper, ita ta nuna cewa babban laifin yana ga ƙarfen kansa: yana da wani mizanin sanyi wanda in an sauka ƙasa da shi sai juriyarsa ta gushe, ya koma mai gautsi. Ƙarfe ɗaya ne, da rani ya lanƙwasa, da hunturu ya fashe. Daɗin daɗawa, ƙofofin zuba kaya na saman jiragen masu kusurwa ne, nauyi kuwa yakan taru a kusurwa, daga nan tsaga ke farawa. A jirgin ribit tsaga takan tsaya a bakin falle, amma a na walda jirgin duka ya zama falle ɗaya, babu abin da zai tare ta. Magani shi ne aka zagaye kusurwoyi, aka ɗaura wa jiragen ɗamarar ƙarfe da ribit, daga baya kuma aka sake haɗin ƙarfen, aka wajabta gwada shi da duka cikin sanyi.

Darasi na biyu a sama ya faru. Jirgin Comet na Ingila shi ne jirgin fasinja mai injin jet na farko, ya fara jigila a 1952. Ran 10 ga Janairu na 1954 ɗaya ya tarwatse kusa da tsibirin Elba na Italiya da mutum 35, ran 8 ga Afrilu wani ya sake tarwatsewa kusa da Naples da mutum 21. Masu bincike a Farnborough suka sa gangar jikin wani Comet cikin ƙaton tanki, suna cika ta da ruwa suna ragewa, don su kwaikwayi kumburin da takan yi duk lokacin da jirgi ya hau sama da saɓewar da takan yi in ya sauko. Da lissafin hawa da sauka ya kai kimanin 3,000, sai ta tsage daga kusurwar wata kafa da aka yanka a jikinta. Wannan shi ake kira gajiyar ƙarfe. Kowa ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya san ta: nauyin da ba zai yi kome ba sau ɗaya, in an maimaita shi sau dubbai sai ya haifar da 'yar tsaga, ta yi ta girma a ɓoye. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya shiga jirgin sama yau ya dubi tagarsa, zai ga babu kusurwa mai kaifi a jikinta.

Yadda Ake Zaɓe

Babu kayan da ya fi kowane kyau. Injiniya yakan tambayi kansa abu uku: wane aiki abin nan zai yi, waɗanne sharuɗɗa ne ba a ƙetarewa, sa'an nan mene ne ake son ragewa, nauyi ko kuɗi.

Alal misali, wayar lantarki. Jan ƙarfe ya fi alminiyam wuce da lantarki, domin alminiyam kashi 61 cikin 100 kurum yake kaiwa. Amma cikin girma ɗaya jan ƙarfe ya ninka ruwa nauyi kusan sau 9, alminiyam kuwa sau 2.7. In aka ƙara wa wayar alminiyam kauri har ta ɗauki wuta daidai da ta jan ƙarfe, nauyinta rabi ne kawai. Saboda haka a cikin gida, inda wuri ya yi kaɗan, jan ƙarfe ake sawa, a manyan layuka kuwa, inda kowane kilo yana rataye a kan turaku, alminiyam ake sawa, a kuma saka masa igiyar baƙin ƙarfe a tsakiya don ta ɗauki ja. Irin wannan lissafi na ƙarfi bisa nauyi shi ya sa kusan rabin nauyin jikin jirgin Boeing 787, wanda ya fara jigila a 2011, zaren kabon ne da aka haɗa da ƙaro.

Kankare kuma yana jure danni ƙwarai, amma abin da yake jurewa na ja bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Shi ya sa ake sa rodi a inda ja yake, watau ƙasan bim da ƙasan dakin a tsakanin ginshiƙai. Auren nan ya yiwu ne domin zafi yana buɗa su biyun kusan daidai, kimanin milimita 1 cikin kowane mita 100 ga kowane digiri guda. Da ɗaya ya fi ɗaya buɗewa sosai, da ranar bazara ɗaya ta isa ta raba su.

Maginanmu na gargajiya tunaninsu ke nan. Ƙasa tana jure danni, ba ta jure ja, sai suka haɗa ta da azara ta itacen giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Azara kuwa in ta wuce kimanin mita 2 tana ɗauke da ƙasa sai ta saɓa, don haka suka ƙago bakan gizo, suna jera ta hawa-hawa har ta rufe babban ɗaki. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shaida ne ga wannan gwaninta.

Abin da ya Shafe Mu

Kada ɗalibai su zaci wannan magana ta jiragen ƙasashen waje ce kurum. Ku ɗauki rodi. Ƙarfinsa yana bin faɗin bakinsa ne, faɗin baki kuwa yana bin kauri sau kauri. In zane ya ce milimita 12 aka sa mai 11, an zubar da kashi 16 cikin 100 na ƙarfin. In mai 10 aka sa, an zubar da kashi 31, alhali ido ba zai ga wani bambanci ba bayan an zuba kankare. Haka kuma ruwa: lebura yakan so kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya yi sauƙin zubawa, amma tun 1918 Duff Abrams ya nuna cewa ƙarfin kankare yana raguwa gwargwadon yadda ruwa ya yi wa siminti yawa, domin rarar ruwan in ta bushe ramuka take bari. Bayan an zuba kuwa yana bukatar a riƙa jiƙa shi, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. In kankaren da ya lulluɓe rodi ya yi siriri, danshi zai kai gare shi, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta fasa kankaren daga ciki.

Kammalawa

Shugaban taro, jama'a, kowane ɗaya daga cikin kurakuran nan akwai wanda ya ga an yi shi, akwai kuma wanda ya sa hannu a takarda. Roƙona ga ɗalibanmu shi ne, in an kawo muku kaya a wurin aiki, ku sa awo a kan rodi, ku aika da samfurin kankare ɗakin gwaji, ku tambayi zafi da sanyi da danshin da abin zai zauna ciki, da kuma sau nawa za a ɗora masa nauyi a sauke. In sakamako bai yi ba, ku ƙi sa hannu, ko da mai gini ya ɓata rai, domin waɗanda za su kwana a ƙarƙashin dakin ɗin ba su da hanyar gwada shi, amanarsu tana wuyanku.